Lasifikar Injiniya Sanda

Sanda ɗan Soba ne, amma a Kaduna ya yi gemu. Ya zo garin yana saurayi, ya zauna wurin wani mai gyaran rediyo shekara shida yana kallon hannunsa, har ya kai matsayin da in an kunna rediyo ya ji irin shaƙewar da yake yi, zai faɗi abin da ya lalace kafin ya kwance murfi. Zuwa shekarar 1976 yana da rumfarsa ta kansa a Babbar Kasuwa, da kekensa, da ɗaki biyu na haya a Rafin Guza, inda yake zaune da matarsa Kaltume da 'yarsu Binta.

A kasuwa ba mai kiransa da sunan yanka, Injiniya ake ce masa. Yana sa tabarau, yana maƙala biro biyu a aljihun gaba, kullum da safe kuma sai ya sayi jarida ya shimfiɗa a kan tebur. In an kawo masa gyara yakan ɗaga tabarau ya ɗora a goshi, ya yi gyaran murya sau biyu, sannan ya ce, "Bari mu ga abin da Bature ya ɓoye a nan." Duk layin an san shi da wannan magana.

Abin da ba a sani ba shi ne Sanda bai iya karatun boko ba. Ya yi makarantar allo yana yaro, ya san lambobi, ya san launukan ƙananan kayan cikin rediyo kamar yadda manomi ya san iri. Jaridar nan kuwa hotuna kawai yake kallo, labarin cikinta tun da asuba ya ji shi a rediyo. Bai taɓa buɗe baki ya ce wa kowa ya yi makaranta ba. Mutane ne suka ɗora masa, shi kuma bai sauke ba, har kayan suka yi nauyin da ba su saukuwa. Da wannan sunan aka ba shi Kaltume. Mahaifinta ya sha faɗa wa dangi cewa 'yarsa ta dace da ɗan boko mai sana'a a hannu.

Mutum ɗaya ne ya san gaskiya, wato maƙwabcinsa Ayuba, malamin firamare, mutumin Kagoro. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Ranar da Kaltume ta yi naƙudar Binta, Esther matar Ayuba ce ta riƙe ta har ungozoma ta iso. Da Sallah kwanon nama yana tsallake katangar, da Kirsimeti kwanon shinkafa ya tsallako. Ayuba yana da ƙungiyar wasan kwaikwayo, Taurarin Rafin Guza, wadda ta haɗa tela da akawu da masinjan ofis da wasu 'yan mata biyu masu aikin asibiti. Suna yin wasa a filin makaranta in an yi hutu. Sanda ne ya harhaɗa musu lasifika daga tsofaffin kayan rumfarsa, mai aiki da batirin mota, kuma duk ranar wasa shi yake zama gefen dandali yana daidaita sauti. Bai taɓa karɓar ko sisin kwabo ba. Yakan ce jin muryar mutum ta kai ƙarshen fili ta hannunsa ya ishe shi lada.

Shekara biyu kafin bazarar 1976 wani abu ya sami Sanda. Wata ranar Alhamis ƙanen Kaltume, Abdurrahim, direban bas mai bi ta Soba, ya tsaya a rumfarsa ya miƙa masa wasiƙa a rufe, ya ce a tasha aka ba shi. Akwai baƙi biyu a rumfar suna jiran rediyonsu. Sanda ya yage ambulan, ya sauke tabarau, ya kalli takardar kamar yadda ya ga masu karatu suna yi, ya ce, "Gaisuwa ce daga gida," ya cusa ta a aljihu. Yana da wani marubucin wasiƙu can nesa da kasuwa, inda ba a san shi ba, wanda yake kai wa takardu a ɓoye. Amma aiki ya yi masa yawa ranar, kashegari Juma'a ce, Asabar ya je bai sami mutumin ba. Sai ranar Litinin aka karanta masa. Yayansa ne ya sa aka rubuta: "Inna ba ta da lafiya ƙwarai. Tana ta kiranka. Ta hana a rufe ƙofar ɗakinta, ta ce kana hanya."

Ya isa Soba da yammacin Litinin ɗin, ya tarar an binne ta tun Lahadi. Da yayansa ya tambaye shi a gaban masu zaman makoki me ya tsare shi, sai bakinsa ya riga shi. Ya ce direba ne ya riƙe wasiƙar kwana huɗu a mota. Abdurrahim ya rantse ya maya, amma wa zai ɗauki maganar direba ya bar ta Injiniya? Dangin Sanda suka daina amsa gaisuwarsa. Kaltume ta wanke ƙanenta tas, ta ce kada ya ƙara taka mata gida.

Abin ya ci Sanda a rai har ya rame. Bayan sadakar arba'in, wata Lahadi da la'asar, Ayuba ya same shi zaune a gindin mangwaron bayan makaranta, ya zauna kusa da shi bai ce komai ba. Shirun nan ne ya ɓalle bakin Sanda. Ya faɗa masa komai, tun daga jarida har zuwa ƙofar da aka bari a buɗe, yana faɗa yana share ido da hular kansa.

"Injiniya," in ji Ayuba, "wannan magana ta mutu a gindin bishiyar nan. Ko Esther ba za ta ji ba. Amma ka yarda in koya maka. Wanda ya iya cikin rediyo, baƙi ashirin da 'yan kai ba za su gagare shi ba."

Haka suka fara. Talata da Alhamis, bayan an tashi yara, Sanda yakan rufe rumfa da wuri ya zo da akwatin lasifika a bayan keke, wai ana gyara. Su shige aji su rufe ƙofa, ya matse jikinsa a bencin yara, Ayuba yana rubuta masa a allo. Kan babba ba ya ɗauka da sauri, amma a hankali ya fara haɗa baƙi. Ranar da ya karanta sunan Binta da kansa, sai da ya tashi ya zaga ajin sau biyu. Bai taɓa son wani namiji a duniya kamar yadda ya so Ayuba a ranar ba.

Bazarar 1976 ta shigo da zafi mai tsanani. Kwanon rufi yana ƙara da rana, rijiyoyin unguwa sun ja baya, mangwaro ya cika kasuwa har ana tattaka shi. Cikin wannan zafin aka yi shelar gasar wasan kwaikwayo ta ƙungiyoyin gari a kan yaƙi da jahilci. Alƙalai za su zaga unguwa-unguwa, ƙungiyar da ta zo ta ɗaya kuma za a ɗauki wasanta a sa a rediyo. An ba Taurarin Rafin Guza ranar Litinin ta hutun Ista.

Ayuba ya shekara goma yana wasa a filin makaranta ba wanda ya san shi bayan Kawo. Wannan shela ta hana shi sukuni. Ya ce wa Sanda a dakatar da karatu sai bayan gasa, saboda ajin ne wurin gwajinsu. Da Sanda ya ce zai zo ya ji gwajin don ya san inda zai kafa makirfo, sai Ayuba ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa.

"A'a, wannan karon so nake ka gani tare da kowa. Kai dai ka sa lasifikar nan ta kai har bakin titi."

Sanda ya ɗauki maganar da gaske. Ya samo makirfo na biyu, ya sake naɗa wayoyi, ya ba da batir aka yi masa caji ya cika.

Ranar wasa unguwar ta zama kasuwa tun azahar. Mata sun kafa kaskon ƙosai a bakin shinge, masu lamurje da zoɓo sun jera tukwane sun lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, mai tsire ya hura wuta, mai hoto ya rataya labulensa a jikin katanga yana kiran masu sababbin kayan Ista. Mai fentin unguwa ya zana rumfar kasuwa a jikin wani babban ƙyalle, an ɗaure shi a bayan dandali. Sama'ila tela, babban ɗan wasan ƙungiyar, ya kwana uku yana ɗinka kayan wasa, ya bar na masu biki a yanke. Alƙalai uku suka zauna a kujerun malamai suna fifita da takardu. Sanda ya kafa lasifika a kan reshen dalbejiya, ya zauna gefen dandali da akwatinsa a gaba. Daga nan yana hango Kaltume cikin mata, kusa da Esther, Binta a cinyarta.

Bayan la'asar aka buɗe labule. Sama'ila ya fito a matsayin wani mai gyaran agogo, Malam Tanko. Yana sanye da tabarau, da biro biyu a aljihu, da jarida a hammata. Aka kawo masa agogo. Ya ɗaga tabarau ya ɗora a goshi, ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, "Bari mu ga abin da Bature ya ɓoye a nan."

Fili ya ɗauka gaba ɗaya. "Injiniya! Wallahi Injiniya ne!" Mutane suna nuna Sanda suna riƙe ciki. Shi ma ya yi dariya, har ya ɗaga musu hannu. A ransa ya ce, ashe abin da Ayuba yake ɓoyewa ke nan, ja'iri.

Sai wani ya shigo dandali ya tambayi Malam Tanko me jarida ta ce yau. Malam Tanko ya kalli hoto ya shirga ƙarya, aka yi dariya. Da mutumin ya fita, sai ya juyo ya fuskanci jama'a, ya rage murya kamar mai gulma, ya ce, "Ku rufa mini asiri, ko baƙi ɗaya ban sani ba. Labarin da na ji a rediyo da asuba nake sayar musu."

Dariyar Sanda ta yanke. Ya waiwaya bayan labule inda Ayuba yake tsaye da takardun wasa. Ayuba bai dubi wajensa ba.

Daga nan direba ya shigo da wasiƙa. Malam Tanko ya yage ambulan a gaban baƙi biyu, ya ce, "Gaisuwa ce daga gida," ya cusa a aljihu. Gumi ya keto wa Sanda, ba na zafin rana ba. Yatsunsa suna kan maɓallin sauti. Murɗawa ɗaya zai yi filin ya koma ba a jin komai sai a layin gaba. Amma in ya kashe, ya gaya wa kowa da hannunsa cewa labarin gaskiya ne. In ya bari, wataƙila a ce ƙirƙira ce aka jingina da kamanninsa don a yi dariya. Ya zauna a tsakanin biyun nan kamar an kafe shi da ƙusa, lasifikar da ya haɗa da hannunsa tana aiki lafiya lau, ba ko shaƙewa.

Aka zo wurin marubucin wasiƙu. Akawun da ya fito a matsayinsa ya matso dab da makirfo, ya karanta a hankali: "Inna ba ta da lafiya ƙwarai. Tana ta kiranka. Ta hana a rufe ƙofar ɗakinta, ta ce kana hanya."

Ko kalma ɗaya Ayuba bai canza ba. Filin ya yi tsit, har ana jin tafasar man ƙosai. Wata tsohuwa ta fara salati. Aka nuna zaman makoki, aka nuna Malam Tanko yana ɗora wa direba laifi, aka nuna matarsa tana korar ƙanenta daga gida, shi kuma yana rantsuwa ba mai saurarensa. A nan ne Sanda ya ga Kaltume ta miƙe. Ta saɓa Binta a kafaɗa, Esther ta kama gefen mayafinta, ta fizge, ta ratsa mutane ta fita ba ta waiwayo ba.

Wasan ya ƙare da Malam Tanko ya shiga ajin manya, ya fito yana kira ga jama'a su nemi ilimi. Aka yi tafi mai tsawo. Alƙalai suka miƙe tsaye, babbansu ya riƙe hannun Ayuba ya daɗe bai saki ba. Mutane suka watse suna satar kallon Sanda. Waɗanda suka saba tsayawa su yaba masa sauti, yau ta ɗaya gefen suka bi.

Yana naɗe waya Ayuba ya zo, fuskarsa tana sheƙi da gumi da murna.

"Injiniya, ka ji yadda sauti ya fita? Babban alƙali ya ce bai taɓa..."

"Malam Ayuba," Sanda ya katse shi, bai ɗago kai ba. "A ina ka ce maganar nan ta mutu?"

Ayuba ya ce, "Ban ambaci sunanka ba. Na mai da shi mai gyaran agogo. Garin ma ban faɗa ba."

"Tabarau fa? Biro biyu fa?"

"Wannan Sama'ila ne ya ƙara a wurin gwaji. Ya ga ana dariya, sai..."

"Sai ka bar shi."

"Na yi niyyar hana shi. Amma wasan ya fi rai a haka. Injiniya, ka duba mutanen da suka yi kuka yau. Wallahi mutum nawa ne za su shiga aji saboda wannan wasa? Abin da ya same ka zai zama magani ga wasu."

Sanda ya ɗago ya dube shi. "To da ka tambaye ni. Maganin nawa ne, da ka ce in ba ka. Kwana nawa muna zaune a aji ɗaya, ni da kai, ƙofa a rufe?"

"Na san za ka ƙi."

"Ashe ka sani."

Ya ɗaure akwatin a bayan keke, ya hau dalbejiya da kansa ya kwance lasifika. Ayuba ya miƙa hannu zai karɓa masa, ya ƙi ba shi. Ya tura kekensa ya bar shi tsaye a wurin.

Ya isa gida ana kiran magariba. Kaltume tana zaune a bakin murhu, ba ta hura wuta ba. Ya yi sallama, ta amsa a ciki. Sai da ya idar da salla ta yi magana, muryarta a kwance.

"Malam, abu ɗaya zan tambaye ka. Ranar Alhamis Abdurrahim ya kawo takardar nan?"

"Ranar Alhamis ya kawo."

Ta gyaɗa kai. "Rashin karatun bai dame ni ba. Ni ma ban iya ba, ubana ma bai iya ba. Da ka gaya mini, da ni zan riƙa kai maka takarda inda za a karanta, ba mai ji. Amma ka bar ni na zagi ɗan'uwana, ciki ɗaya. Ya yi aure ban je ba. Matarsa ta haihu ban ga jaririn ba. Kana kallona ina kuka da daddare, ka ce in yi haƙuri, halin direbobi ne." Ta share fuska da bakin zane. "Kuma a filin makaranta zan ji, tare da masu sayar da ƙosai."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Daga ranar sai ta riƙa ajiye masa abinci a rufe, ba ta zama.

A kasuwa labari ya riga shi isa. Wani mai sayar da fitilu ya miƙo masa takarda yana murmushi, wai a taimaka a duba masa. Sanda ya karɓa, ya haɗa baƙin a hankali, da ƙyar, kamar mai hawan dutse, ya karanta masa layin farko. Rasit ne na batir. Mutumin ya karɓi abinsa ya tafi ba dariya. Wasu suka daina ce masa Injiniya, wasu suka ci gaba don sabo. Masu gyara kuwa ba su ragu ba, don rediyo bai san wanda ya yi makaranta ba. Jarida dai ya daina saye.

Ranar Alhamis ya tafi tashar Kawo. Ya sami Abdurrahim a inuwar motarsa yana jiran layi ya zo kansa, yana shan mangwaro. Da ya ga mijin yayarsa sai ya miƙe, ya goge hannu a tsumma, suka gaisa sama-sama. Sanda ya cire hula, abin da bai taɓa yi wa na ƙasa da shi ba.

"Na zalunce ka, Abdurrahim. Ka kawo wasiƙa a kan lokaci. Ni ne ban iya karantawa ba."

"Na ji labarin wasan," in ji Abdurrahim. "Amma ni tun ranar na yi zato. Na ɗauki malamai da yawa a mota, na san yadda idon mai karatu yake tafiya a kan takarda. Naka a wuri ɗaya ya tsaya."

"Ka sani, ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? In tsaya a gaban dangi in ce mijin Yaya bai iya karatu ba, ƙarya yake yi? Da wane ido za ta zauna a gidanka bayan nan? Na rantse a kan abin da na sani, na bar sauran." Ya jefar da ƙwallon mangwaron. "Abin da ya fi ci mini rai, da na san abin da ke cikin takardar, da a ranar zan juya da kai Soba ko ba fasinja."

Sanda ya sunkuyar da kai. Direban da ya ɓata wa suna ya riƙe masa asiri shekara biyu ba tare da an roƙe shi ba.

"Na yafe maka don Allah," in ji Abdurrahim. "Amma ba a nan aka ɓata ni ba. A Soba aka ɓata ni, a gaban mutane. Can za ka je ka gyara."

Ranar Asabar Sanda ya shiga motar Abdurrahim, ya zauna a gaba. A zauren gidansu, gaban yayansa da baffanninsa, ya faɗi abin da ya faru da bakinsa. Da ya gama, yayansa ya aika a shigo da Abdurrahim a ba shi ruwa. Da suka dawo Kaduna, Kaltume ta bi ƙanenta gidansa ta kwana biyu, ta dawo da hoton jaririn da ya riga ya fara tafiya. Daga ranar ta koma zama in yana cin abinci, ko da yake an daɗe kafin hirarsu ta koma yadda take.

Taurarin Rafin Guza su suka zo na ɗaya. Ruwan farko ya sauka a makon da aka faɗi sakamako, ƙasa ta yi ƙamshi, yara suna ta tsalle a kwata. Da yammacin ranar Ayuba ya yi sallama a ƙofar Sanda, rigarsa a jiƙe. Sanda ya fito, amma bai shimfiɗa masa tabarma ba.

"Na zo in ba ka haƙuri," in ji Ayuba. "Esther ta hana ni sakat, kuma tana da gaskiya. Na yi kuskure da ban tambaye ka ba. Amma ka duba, ga shi kun shirya da surukinka. Ka sauke kayan da ka daɗe kana ɗauke da su. Ba don wasan nan ba..."

"Kada ka ƙarasa," in ji Sanda. "In ɓarawo ya fasa maka ɗaki ya sa ka gano rufinka yana yoyo, ba za ka bi shi da goro ba. Laifina nawa ne, na kuma je na amsa shi. Naka daban ne."

"To me kake so in yi?"

"Jibi za a ɗauki wasan a rediyo, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"Ka ce musu ka janye."

Ayuba ya kalli ƙasa. Ruwa yana ɗiga daga bakin kwano a tsakaninsu. "Ba ni kaɗai ba ne, Injiniya. Mutum tara ne suka sha wahala. Zan cire tabarau, ai a rediyo ma ba a gani. Zan canza maganar Bature."

"Maganar Inna fa? Ta ƙofa?"

Ayuba ya ce, "Ita ce zuciyar wasan."

"Na sani," in ji Sanda. "Sai da safe, Malam Ayuba."

An sa wasan wata Laraba da hantsi, aka maimaita shi sau biyu a watan saboda masu saurare sun yi ta aiko da wasiƙu. Sanda yana rumfa ranar da aka fara sa shi, yana gwada rediyon wani soja daga Mando. Ya murɗa ya faɗa kan muryar Sama'ila. Sojan ya ce a bar masa nan, ya ji ana yabon wasan. Sanda ya bar masa, ya fita ya tsaya a layin masu tukwane har aka gama, sannan ya dawo ya ɗaure murfin.

Bai ƙara zuwa filin makaranta ba. Ƙungiyar ta koma hayar kayan sauti daga cikin gari. Karatunsa ya ci gaba da shi a wurin wani tsohon akawu mai ritaya a Unguwar Kanawa, yana biya kamar kowa, ba ya kuma gaya masa komai sai abin da ke kan allo. In sun haɗu da Ayuba a bakin famfo sukan gaisa, lafiya lau, lafiya lau, kowa ya kama gabansa. Matan ne suka ƙi bari katangar ta yi tsawo. Esther takan leƙo ta nemi gishirin da ba ta buƙata, Kaltume ta ba ta.

Bayan shekara ɗaya aka ba Ayuba aiki a sashen wasanni na gidan rediyo, aka ba shi gida a cikin gari. Ranar tashinsu Esther ta shigo, ita da Kaltume suka rungume juna suna kuka, Binta tana tsaye tana kallonsu. Ayuba ya tambaya ko maigidan yana ciki. Kaltume ta ce ya fita kasuwa tun da sassafe. Ya tsaya jim a ƙofar, ya ce a gaishe shi, sannan ya hau motar kaya kusa da direba, suka tafi.